Saƙon ƙarshe da zai bi ta hannun Inna

Kaura Namoda,
daga shago, bayan azahar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yar Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a mota kika buɗe ta, ko sai da kika sauka gidan Gwaggonki Hajara a Kaduna. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare direba, Ya kai ku da rana, Ya kau da idon mugu daga kanku tun daga tashar Kaura har ƙofar gida.

Na san da kika ga rubutuna sai da kika juya takardar ki duba ko ta wani ce aka ba ki bisa kuskure. Taki ce. Tun ranar da Inna kakarki ta gaya mini cewa asibitin nan na Kaduna ya ɗauke ki aikin kula da netwok ɗinsa, na kasa zama wuri ɗaya. Na gaya wa mai shayi, na gaya wa masu keke napep na bakin shago, har wani bawan Allah da ya zo kwafin takarda na tsare shi da labari ya fita ya bar takardar a kan tebur. Mutum ɗaya ne a garin nan ban gaya wa ina murna ba, ke ce. Kin san dalili. Ke 'yar fari ce, kuma mu haka muka tarar: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya yabonsa a kan idonsa. Mahaifiyarki ma ta fi ni, ita ko inda kike ba ta kallo in da mutane. To yau murna ta fi ƙarfin bakina, na ba biro aikin.

Kina tuna zaman la'asar a ɗakin Inna? Sai in shigo da tsohon suwic a hammata, akwatin nan mai ramuka a jere da ake soka wayoyin kwamfuta don su ga juna, in ajiye shi gaban tsohuwar da ba ta taɓa danna kwamfuta ba, in hau yi mata bayani. In ce, Inna, kin ga akwatin nan ɗaya ne, amma ana iya raba cikinsa ya zama kamar uku ko goma, kowane da mutanensa, na wannan ba sa jin na wancan, wannan rabon shi ake kira VLAN. Ke kuwa kina bayan ƙofa wai kina tsince wake, ƙwayar wake ɗaya ce a hannunki tun da na fara magana. Ran farko Inna ta dube ni ta ce, "Kai Sani, ni mi ya gama ni da wanga akwati naka?" Sai ta saci kallon bayan ƙofa, ta gyara zama, ta ce, "To hwaɗi dai, ina jin ka." Daga ranar ta zama ɗalibata. In kina da tambaya, washegari sai in ji ta a bakin Inna, wai ita ce abin ya hana barci. Bari in gaya miki yau, ban taɓa manta suwic a ɗakin nan da gaske ba, wayar kwansol ta shiga cikin suwic da kika tsinta a ƙarƙashin tabarma kuma ba faɗuwa ta yi ba. Yanzu duk Gurbin Bore, inda ta raine ki kafin ku dawo Kaura, babu tsohuwar da ta kai Inna sanin VLAN.

An ce aikin farko da za su ɗora miki a watannin gwaji shi ne raba netwok ɗin asibitin, alhali yana aiki, marasa lafiya na kwance. In kin yi daidai, aiki ya zama naki. In kin katse ɗakin gwajin jini ko wurin ba da magani, ba aikinki kaɗai ne zai ji a jikinsa ba. Ba na shakkar kanki, wallahi kin fi ni kaifi lokacin da nake shekarunki. Kunyarki nake tsoro, don a wurina kika gaje ta, kuma na san inda ta kai ni. Saboda haka ga ɓarnar da na yi a wannan sana'a, ki karanta ki yi dariya, babu wanda zai gan ki.

Aikina na farko mai tsoka a wurin Alhaji Mudi ne, dillalin hatsi a kasuwar Kaura, Allah Ya jiƙansa. Yana da ofis, da ɗakin ajiya mai kyamarori, da wata rumfa da direbobin manyan motoci ke zama kafin a yi musu lodi. Ya ce a ba direbobi intanet su rage zafin jira. Na kawo suwic mai kyau, na soka komai, komai ya kama, na tafi gida ina jin babu kamata a Zamfara. Ban raba komai ba. Kowane sabon suwic yana zuwa da duk ƙofofinsa, wato ramukan nan, a cikin VLAN na ɗaya, ni kuwa na bar su yadda na same su. Ana tsakiyar kaka, ofis cike da baƙi masu sayen dawa, ina gefe ina gyara wata waya, sai firintar Alhaji ta yi tari ta fara fitar da takarda ba wanda ya taɓa ta. Hoton rago. Ta sake fitar da wata, ragon dai, wannan karon ta gefe. Ashe wani direba ne a rumfa yana latse-latsen waya, ya ga wani abu ya fito masa, ya danna, yana ta aika hoton ragon da yake kiwo a gida. Baƙi suka fashe da dariya. Alhaji ya ɗaga takardar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam Sani, rago kam ya yi kyau. Amma in rago ya iya shigowa ohis ɗina, wa za ya hana ɓarawo?" Ni ma na yi dariya, amma na gane girman ɓarnar, don wanda ya ga firinta zai iya ganin kwamfuta, da kyamara, da suwic ɗin kansa.

To ki ji. VLAN na ɗaya ba ya goguwa, a yawancin suwic ko sunansa ba za ki iya canjawa ba, haka aka ƙera su. Ki bar shi fayau, kada ki zuba kowa a ciki. Hanyar da kike bi ki shiga suwic ki yi saiti ma kada ki bar ta a can, ki ware mata nata VLAN da ba kowa ke ciki ba sai ku masu aikin. Lambobi daga ɗaya ne zuwa dubu huɗu da casa'in da huɗu, amma kada yawan ya ruɗe ki. A wasu suwic, dubu ɗaya da biyu zuwa dubu ɗaya da biyar an riƙe su, ba naki ba ne, na sama da su kuma ba kowane tsohon suwic ke karɓa ba. Ƙananan suwic sukan bar ki ki zaɓi lamba mai girma, amma adadin VLAN da za su iya ɗauka a lokaci guda kaɗan ne, don haka ki duba ƙarfin kowane kafin ki yi wa shugabanki alkawari. Ƙofar da aka soka kwamfuta, VLAN ɗaya take bi, sai fa inda aka haɗa ta da tarhon ofis. Kowane VLAN ki ba shi zangon adireshinsa daban. Ƙofar da babu kowa a cikinta ki kashe ta, don mutane in suka ga rami a bango sai sun soka wani abu.

Wannan duk kin sani, kin ci jarrabawarsa a foli. Abin da ba a koyarwa a aji shi ne kara. Bayan na raba wa Alhaji netwok ɗinsa tsaf, ni da hannuna na koma na ɓata. Wani dattijo surukinsa ya zo da kwamfutar hannu, ya ce intanet ɗin baƙi ba ya gudu. Na dubi farin gemu na kasa cewa a'a. Na mayar da ƙofarsa VLAN na ofis, na ce na yau ne kawai. Wannan na yau kawai ɗin yana nan har ranar da kwamfutarsa ta shafa wa na ofis cuta, na kwashe mako ina wanki. A asibiti za ki gamu da irin wannan kullum: ƙanen likita, ƙawar shugabar nas, wani babba da za a ce miki ba a yi masa musu. Ki gaishe su har ƙasa, ki ba su kujera, in da hali ki ƙara wa VLAN na baƙi gudu, amma kada ki ɗaga su daga inda kika ajiye su. Ki ce ba ki da izini, kuma gaskiya ce, ba ki da shi.

Sai Shinkafi. Wani ƙaramin asibiti ne mai gini biyu, kowane da suwic ɗinsa, waya ɗaya ta haɗa su. Irin wannan wayar da ke ɗaukar VLAN da yawa a lokaci guda ita muke kira tirank. Ran da na yi wa Inna bayaninta, na ce kowane saƙo da zai bi ta ciki ana manna masa shaidar VLAN ɗinsa don a gane shi a ɗaya gefen, cewa ta yi ashe burtali ne, shanun kowa na bi, kowace da shaidar mai ita. Tun daga nan nake ce mata burtali. To akwai VLAN ɗaya da ake bari ya bi burtalin ba shaida, kuma dole suwic na nan da na can su yarda a kan ko wane ne. Ni kuwa a gini na farko na ce na goma ne, wato na ma'aikatan asibitin, a na biyu na manta na bar shi a na ɗaya. Abin da ya fito daga ma'aikata sai ya faɗa wani wuri, wasu kwamfutoci suka riƙa karɓar adireshin da ba nasu ba, wasu su yi aiki yanzu, an jima su ƙi. Ranar kasuwa ce, gari ya cika, zafi kamar me, ina kan tsani ina zare waya lafiyayya ina sa wata, ina zagin wanda ya sayar mini da ita. Wayar ba ta yi mini komai ba. Ke dai duk abin da kika saita a wannan bakin burtali, ki je ɗaya bakin ki gani da idonki. Wanda zai bi ba shaida ki sa ya zama VLAN da babu kowa a ciki. Kuma in VLAN zai ratsa suwic uku, sai kin ƙirƙire shi a duka ukun, na tsakiya ba ya wuce da abin da bai sani ba.

A wannan asibitin dai na sake yin wata. Na koma bayan damina na ga jerin VLAN ya yi mini yawa, na ce bari in share gida. Akwai wani da na sa wa suna "sabo biyu". Sabo biyu na me? Ni da na sa sunan ban tuna ba. Na goge shi, a zatona ƙofofin da ke ciki za su koma VLAN na ɗaya da kansu. Ba sa komawa, tsayawa suke yi kurum kamar an yanke wayar. Ashe wurin ba da magani ne. Kafin in ankara mata masu goyo sun yi layi har cikin rana, kwamfuta ta ƙi nuna abin da likita ya rubuta. Wata nas ta leƙo ta ce, "Malam, mi kat taɓa?" Na ce ban taɓa komai ba. Ta ce, "To maida abin da ba ka taɓa ba." Na mayar, kaina a ƙasa. Ki sa wa kowane VLAN sunan aikinsa, na magani, na gwaji, na baƙi, yadda ko ba kya nan wani zai gane. Kafin ki goge, ki duba su wa ke ciki, ki kwashe su tukuna.

Akwai kuma suwic na gwanjo da na taɓa samowa, mai kyau, ina ta jin daɗin na yi dace. Wasu suwic suna da tsarin gaya wa juna jerin VLAN, wanda lambar gyaransa ta fi girma shi sauran ke bi. Na gwada shi a shago na ɗora masa sunan tsarin wata makaranta da nake kulawa da ita, na yi ta ƙirƙira ina gogewa, sannan na kai shi can na soka a burtali ban wanke shi ba. Nan take sauran suka yarda shi ne babba, suka zubar da jerinsu suka ɗauki nasa. Azuzuwa, ofis, ɗakin malamai, duk suka yi ɗif. Duk suwic da ya taɓa aiki a wani wuri, ki wanke shi tas kafin ya shiga cikin naki, kuma ki sani a wasu suwic goge saiti ba ya goge jerin VLAN, wurin ajiyarsu daban. In ba dole ba, ki kashe wannan tsarin na gaya wa juna, ki bi su ɗaya bayan ɗaya da hannunki.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki biro. Ita kin san rabinta, don kina gida.

Wata makarantar kuɗi ce a Zurmi mai ɗakin kwamfuta, inda yara ke gwajin jarrabawar shiga jami'a. Kin san yadda hanyar Zurmi ta koma a shekarun nan, don haka na shirya abin yadda zan riƙa shiga suwic ɗinsu daga nan shago ba sai na je ba. Suka ce in ƙara VLAN na ɗakin malamai. Aiki ne ƙarami, sai dai in ƙara lambarsa a jerin waɗanda aka yarda su bi burtali. A irin suwic ɗinsu, in ka rubuta lambar ba ka sa kalmar add a gabanta ba, ba ƙarawa yake yi ba, share jerin yake yi gaba ɗaya ya bar sabuwar ita kaɗai. Na rubuta, na tsaya, zuciyata ta ce akwai abin da ya rage. A wayata akwai lambar Bashiru, wanda ya koyi aiki a hannuna, yanzu magidanci ne a Abuja, ya fi ni sanin manyan suwic nesa ba kusa ba. Na ɗauki wayar, na ajiye. Wai ni in tambayi wanda na koya wa matse kan waya? Na danna.

Allon ya tsaya cak. Na kulle kaina a waje, ɗakin kwamfuta kuma ya mutu, ga gwajin yara washegari da hantsi. Da a ce wani zai kashe suwic ɗin ya kunna, da ya koma yadda yake, tunda ban adana saitin ba. To amma ni ne na sa maƙeri ya yi masa akwatin ƙarfe mai kauri da batirinsa a ciki don kada kowa ya taɓa, kuma makullin ɗaya ne, yana aljihuna a Kaura. Shugaban makaranta ya ce shi ba zai fasa akwati ba mai makaranta ba ya gari, ban kuma ga laifinsa ba.

Da safe na shiga mota. Ban taɓa ganin mota cike da Hausawa ta yi shiru haka ba, ko gaisuwa a gajarce aka yi. Dawa ta yi tsawo ta rufe gefen hanya, direba bakinsa na motsi, wata tsohuwa kusa da ni ta damƙe carbi. Can wani babur ya fito daga cikin dawa ya hau titi a gabanmu. Wallahi nan take na tuna Inna, na tuna mahaifiyarki, na tuna ke da ban taɓa ce wa sannu da bakina ba. Ashe manomi ne da buhu a baya, har ya ɗaga mana hannu. Da na isa, gyaran bai kai shan kofin fura ba. Yara suka yi gwajinsu, na dawo kafin la'asar, na tarar da Inna a bakin zaure, mahaifiyarki ko girki ba ta ɗora ba. Ke kika kawo ruwa kika ajiye kusa da ƙafata, idonki a kumbure, kika juya kika koma ciki. Na gani. Na sha, na ce wa Inna ruwan nan ya yi sanyi, kuma kin san ba da Inna nake ba. Da na ba ta labarin yadda abin ya faru, ba ta tausaya mini ba ko kaɗan. Ta ce, "Kai yanzu ranka kad ɗauka kak kai daji don kunyar tambaya guda?"

Saboda haka in za ki taɓa suwic da ba ya gabanki, ki fara sa masa lokacin da zai kashe kansa ya kunna, yadda in kin kulle kanki a waje zai dawo miki da tsohon saiti. Kada ki adana sai kin tabbatar komai na tafiya. In kin tabbatar kuwa, ki soke wancan lokacin, ki adana nan take, don wutarmu ba ta sallama in za ta tafi. Ki san VLAN da kika bi kika shiga, ki kiyaye shi kamar idonki. Makulli ya zama biyu, ɗaya a hannun wanda ke wurin. Umarnin burtali ki karanta shi sau biyu kafin ki danna. In kuma zuciyarki ta ce akwai abin da ya rage, ki janye hannunki ki tambaya, ko da wanda za ki tambaya ƙanenki ne a aiki.

Saura doka ɗaya, ita ma kin san ta. Kwamfuta biyu a suwic ɗaya, ƙofa kusa da ƙofa, in VLAN ɗinsu daban ne ba za su taɓa magana da juna ba sai ta hanyar na'urar da ake kira rauta, ita ke karɓa daga nan ta miƙa can. Ran da na yi wa Inna wannan bayanin ta yi dariya har da tari, ta ce to ashe ita ce rautar gidan nan. Na ji wake ya zube a bayan ƙofa, na yi kamar ban ji ba. Jiya kuwa da na je gaishe ta na fara jero mata abubuwan da za ta gaya miki, na VLAN na ɗaya, na burtali, na makulli, sai ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Ni na gaji da dakon magana. Kaduna ta yi man nisa, kunnena kuma ba shi jin wayag ga taku. Ka san yadda za ka yi da ɗiyakka." Da ƙyar ta yarda ta miƙa miki wannan takarda, ta ce ita ce ta ƙarshe.

Ni ban ga laifin al'adarmu ba. Haka aka yi wa yayana, haka aka yi wa mahaifina, kuma ba ta hana kowa son ɗansa ba. Amma tambayar da kike ba Inna yau ki sami amsa gobe, asibiti ba zai jira ta ba. Ranar da kika tsaya gaban suwic, yatsanki a kan maɓalli, zuciyarki na cewa akwai abin da ya rage, ki tambayi shugabanki. In ba ya kusa, ki kira ni. Ni nake nufi, ba Inna ba, ba ƙannenki ba su kawo mini saƙo. Ko ina kan tsani zan sauko. In kuma kin riga kin danna abin ya ɓaci, nan ma ki kira, kin ga dai babu irin ɓarnar da ban riga ki yi ba. In aikin ya yi kyau ma ki kira, ina so in riga mai shayi ji.

Lambarki ta daɗe a wayata da sunan 'Yar Inna, ban taɓa kiranta ba, ita ma ba ta taɓa kirana ba. Ɗazu na goge wannan sunan na rubuta na gaskiya. Na tura ƙofar shago, na gwada faɗinsa a hankali, ya fita, rufin bai faɗo ba. In kin kira, da farko wataƙila in yi shiru, ko in hau tambayarki ko an yi ruwa a Kaduna. Ki yi haƙuri da ni, ki fara da lambar VLAN ɗin kawai, daga nan bakina zai buɗe.

Ki gaida Gwaggonki da mutanen gidanta. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙe amanar mutanen da ke kwance a gadajen nan, ba su san ki ba amma lafiyarsu na bin wayoyinki. Allah Ya sa ki shiga a sa'a, Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci, Ya tsare ki a hanya da wurin aiki da wurin kwana, Ya dawo mana da ke lafiya mu ma Ya tsare mu a bayanki. Gobe in kin sauka, wayata na aljihun gaba, na ƙure mata ƙara.

Allah Ya yi miki albarka, Ramlatu.

Wassalam,
Babanki, Sani.